Ba ƙwayar cuta ce ta ƙone maka inabin ba, gishiri ne

Yarona na ji saƙonka tun jiya, caji ne ya ƙare min. Abu biyu ka tambaya, wai wannan ruwan da muke ba zaitun da inabi da shi tunda asalinsa ruwan kwata da masai ne na mutanen birnin Safakis na Tunusiya da aka tace a matata, ba zai bi jijiya ya shiga cikin 'ya'yan ba? Sannan me ya sa bakin ganyen inabin ke ƙonewa alhali zaitun na nan garau, kuma famfo ɗaya suke sha.

Ta farkon ba sai mun daɗe a kanta ba. Saiwa ba makwarara bace da za ta zuƙi ƙazanta ta kai wa ɗan itace, inda ake samun matsala shine ruwan ya taɓa 'ya'yan daga waje, shi yasa kaga bama fesawa ta sama, ɗigo-ɗigo muke yi a gindi, kuma wanda ya faɗo ƙasa ya jiƙe ba a sa shi a kwando. Kuma ba sabon abu bane a Tunusiya, tun 1965 suke ba gonakin lemo na Sukra, kusa da birnin Tunis, ruwan matatar kwata ta Sharguiya, hukumarsu ONAS da aka kafa a 1974 ita ke riƙe da matatun. Dokarsu ta yarda a ba itatuwa da ciyawar dabbobi amma banda kayan lambun da ake ci ɗanye irin su latas. Kar ka haɗa shi da abin da ka saba gani a bakin Jakara a Kano, wancan ko tacewa ba a yi masa ba ake janshi a zuba wa latas da kabeji. Maganar najasa kuwa da naji kana ta kewaye-kewaye baka fito ka faɗa ba, manyan malaman Saudiyya sun ba da fatawa tun 1978 cewa in an tace shi har launi da wari da ɗanɗanon ƙazanta suka gushe ya koma ruwa mai tsarki. Amma namu tacewar gona aka yi masa ba ta sha ba, dan haka kar in ƙara ganinka ka wanke fuska a bakin bawul, ka sa takalmin roba, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Toh ta biyun ce aikin, nan nake so ka buɗe kunne. Matatar ruwan tana cire dagwalo, tana rage ƙwayoyin cuta, amma gishiri bata cire shi, duk gishirin girki da omo da sabulun da garin ya zubar yana nan narke a ciki ko da kaga ruwan fes kamar na gora. Zaitun ɗan wahala ne, yana jure gishiri daidai gwargwado, inabi kuwa ɗan gata ne, da zarar gishirin ƙasa ya haura 1.5 a ma'auni amfaninsa ya fara raguwa. Wannan ƙunar da ka gani tana farawa daga bakin ganye tana cin ciki, kuma tsofaffin ganyen ƙasa ta fara kamawa ko? Ai shine, gishiri ne ya taru a ganyen. Ƙaramar mitar auna gishirin nan dake cikin akwatina ka riƙa tsomata a ruwan duk sati kana rubutawa, ƙasa da 0.7 ba damuwa, in ta haura 3 kuwa sai an sirka da ruwan rijiya in mai daɗi ne, ko kuma a ƙara yawan ruwa kaɗan akan abin da itacen ke buƙata domin rarar ta tura gishirin ƙasa da saiwa.

Je ka tsuguna gindin inabi ɗaya ka duba da kyau. Daidai inda ɗigo ke sauka ƙasar a jiƙe take baƙa, amma can gefe inda lemar ta tsaya za ka ga wani farin zobe kamar an barbaɗa kanwa, in ka murza da yatsa yana ɓarewa. Nan gishirin ke fakewa. Shekarata ta farko a wannan aikin, a wata gona ba wannan ba, aka yi yayyafin farko na kaka sai nayi murna naje na kashe injin wai in yi wa maigidan tsimin wuta, ashe yayyafin nan narkar da zoben yayi ya turo shi kan saiwa kuma ba shi da yawan da zai wanke shi ƙasa, cikin sati guda dashen layi uku suka yi jawur kamar an babbake, wallahi ranar da mutumin ya zo ko kallona bai yi ba, da ma zagina yayi da yafi min sauƙi. Tun daga nan in ƙaramin ruwa ya sauko barin ɗigon nake yi yana aiki, sai an yi mai ƙarfin da ya ratsa ƙasa sannan in kashe.

In kuma ka lura ƙasar ta fara yin ɓawo, ruwa na kwanciya baya shiga, musamman wajen yumɓun nan na gabas, to sai an watsa jifsam, wani farin gari mai gyara ƙasa, wannan zan yi wa mai gona magana da kaina.

Taki kuma ka yi hankali, ruwan nan da takinsa yake zuwa, in ka zuba yuriya yadda ka saba sai inabin ya haukace da ganye 'ya'yan su ƙi nuna da wuri su ƙi zaƙi, zaitun ma in ya sha da yawa mansa yana rasa ɗacin nan da masu saye ke nema. Kar ka ƙara ko mudu sai na dawo.

Saura tiyo. Ruwa mai taki yana haifar da yauƙi da gansakuka a cikin bututu, ramukan ɗigo su toshe, wani itacen ya sha wani ya kwana da ƙishi, kuma wanda bai samu isasshe ba shi gishiri ke fara kayarwa, ba mamaki ma rabin ƙunar daga nan take. Gobe da asuba ka kwance filta ka wanke faya-fayan da buroshi, ka buɗe ƙarshen kowane layi ka bar ruwan ya zuba har ya daina fitowa kore, sannan ka sa kofi a ƙarƙashin ɗigon farkon layi da na ƙarshe minti biyar-biyar ka gwada. Kulorin, maganin wanke bututun, kar ka taɓa, ni zan zuba ranar Asabar. Ka turo min hoton kofunan biyu da na ganyen.