Na gaji da aikin mataimakiyar lauya, ina zan nufa?

Tambaya: Shekara 11 ke nan ina aikin mataimakiyar lauya a ofishin da ya fi mayar da hankali kan ƙararraki. Ni ke shirya takardun kotu, ni ke lura da wa'adin shigar da su, ni ke kwantar wa masu ƙara hankali idan lauya ba ya nan. Yanzu ta kai ko waya ce ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ba na son abin da na koya ya tafi a banza, amma ba zan iya ci gaba a haka ba. Wane aiki ya dace in koma?

Amsa: Malama, abin da kika bayyana sananne ne. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace irin wannan gajiya a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamominta uku: ƙarewar kuzari, nisantar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazon da mutum ya saba da shi. Masana halayyar ɗan Adam Christina Maslach da Michael Leiter sun nuna cewa yawan aiki ɗaya ne kawai daga cikin musabbabai shida. Sauran su ne rashin iko, ƙarancin sakamako, lalacewar zama da abokan aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin ƙa'idojin mutum da na wurin aikinsa.

A ganina, rashin iko ne ya fi cin mataimakan lauyoyi. Nauyin wa'adi yana wuyanki, amma yanke shawara yana hannun wani, domin idan lauya ya jinkirta duba takarda, kotu ba za ta jira ba, kuma ke ce za ki hana idonki barci. Saboda haka, duk aikin da za ki duba, ki fara tambayar wanda ke tsara lokaci a cikinsa, kafin ki tambayi sunan muƙamin.

Aiki mafi kusa da naki shi ne na sashen shari'a na kamfani ko hukuma. A can kamfanin ko hukumar kaɗai za ki yi wa aiki, ba a lissafa wa kowa kuɗi bisa sa'o'in da kika yi, kuma galibi ana iya hango ayyuka tun kafin su iso. Daga nan mutane da dama kan zarce zuwa kula da kwangiloli, wato bin yarjejeniya tun daga rubuta ta har zuwa sabunta ta ko kawo ƙarshenta. Wadda ta saba kama kuskuren kwanan wata a takardar kotu ba za ta sha wahalar gano sharaɗin da zai sabunta kwangila da kansa ba tare da kowa ya ankara ba.

Fanni na biyu, wanda na fi ba ki shawarar ki bincika da kyau, shi ne tabbatar da bin dokoki a cikin ma'aikatu. Bankuna da kamfanonin inshora suna buƙatar masu tantance abokan hulɗa da sa ido kan halasta kuɗin haram, kuma CAMS, wato takardar shaidar ƙwarewa a yaƙi da halasta kuɗin haram, ta shahara a wannan ɓangare. Haka nan, tun da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018, ƙasashe da yawa suka kafa irin tasu, buƙatar jami'an kare bayanai ta ƙaru. A nan ana mutunta CIPP, wato takardar shaidar ƙwarewa a kare bayanan mutane. Ainihin aikin shi ne karanta doka, a mayar da ita matakan da ma'aikaci zai iya bi, a ajiye shaidar cewa an bi, kuma duk wannan kin daɗe kina yi. Sai dai ki sani cewa lokacin binciken hukumomi yana da nasa zafin.

Idan doka ce gaba ɗaya ta fita daga ranki, akwai kula da ma'aikata, gudanar da ayyuka, sasanta masu jayayya, ko horar da lauyoyi kan manhajojin sarrafa takardun shari'a.

Hanyoyi biyu kuwa ina jan kunnenki a kansu. Karatun zama lauya yana da kyau ga wadda ke sha'awar tsayawa gaban alƙali, amma idan don tsere wa gajiya ne, an gudu ba a tsira ba, tun da matsin da kike kuka da shi yana nan a kujerar lauya. Yin aiki na ƙashin kanki kuma yana ba da 'yancin lokaci, amma kuɗin shiga ba shi da tabbas, kuma a ƙasashe da yawa doka ta haramta wa wanda ba lauya ba bayar da shawarar shari'a, don haka lauyoyi za ki yi wa aiki.

Wajen rubuta takardar neman aiki, kada ki tsaya kan faɗin cewa kin taimaka wa lauyoyi. Ki bayyana yawan fayilolin da kike riƙewa a lokaci guda, da tsarin da kika kafa don kada wa'adi ya wuce, ba tare da ambaton sirrin wani mai ƙara ba, domin amanar nan tana kanki ko bayan kin bar ofis. Idan da hali, ki fara nema tun kina kan aiki, ki kuma karɓi hutun da kike bi. In har faɗuwar gaban ta biyo ki ranakun hutu, ko barci da cin abinci suka rikice na makonni, ki ga likita kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, saboda ciwon damuwa yana kama da gajiyar aiki, kuma sauya ofis ba ya warkar da shi.