Makwabcinmu yana cikin rajistar masu lalata da yara, za mu iya tashinsa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya. Ina zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, ina cikin kwamitin kungiyar masu gidaje ta unguwarmu, shine muka ga sunan wani da ya tare kusa da mu a rajistar gwamnati ta masu laifin lalata da yara, wasu sun ce a manna hotonsa ko'ina a takura masa har ya tashi, ni kuma 'ya'yana mata biyu ne wallahi ko barci bana iya yi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa tsoronki na kan hanya, ita kanta rajistar ai sanadin bude ta ga jama'a wata yarinya ce Megan Kanka 'yar shekara 7 da makwabcinsu ya kashe a New Jersey a 1994 iyayenta basu san tarihinsa ba, a 1996 aka mai da abin dokar tarayya.

Sanar da iyaye don su kula da yaransu ya halatta kuma baya cikin gibar da aka haramta, Imam Nawawi ya kawo gargadi daga sharri cikin wurare shida da aka yarda a ambaci aibin mutum, Annabi (SAW) da kansa ya fada wa Fadimatu bint Kais aibin Mu'awiya da Abu Jahm da suka nemi aurenta. Amma iya abin da ke rajistar za ku fada, banda kari banda jita-jita.

Manna hoto da tsangwama kuwa a'a. Hadisi ya ce "La darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa, kuma hukunci na hukuma ne ba na kwamiti ba. Dokar jiharku ma ta hana amfani da bayanan rajistar don hana mutum muhalli, kare wanda ke cikin hadari kawai ta yarda, in kuka ketare shi zai maka ku a kotu ku biya diyya daga kudin kowa.

Ku sa kyamara da fitilu a wurin wasan yara, ku kafa ka'idar da ta hau kowa cewa yaro baya zuwa sai da babba, ku tuntubi lauyan kungiya kafin ku taba kundin ka'idojinku, in kun ga yana rabar yara ku kira 'yan sanda nan take. Tubarsa tsakaninsa da Allah ne, ki amsa sallamarsa amma kar ki bar yaranki da shi ko minti daya, ba a saran mumini sau biyu a rami daya. Kuma dan Allah ki sa ido kan masu shigowa gidanki, mafi yawan wannan ta'asar wanda yaro ya sani ne ke yi.

Wallahu a'alam.