Karatun Malam ya ƙi buɗewa a wayoyin 'yan gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Duk Asabar nakan ɗauki karatun Malaminmu na Agege da rakoda, ƙanena kuma yana ɗorawa a shafin da ya buɗe mana. Amma 'yan gida daga Sakkwato sai kira suke, wai abu na ta juyawa ba ya buɗewa, datarsu kuma ta ƙone. Ina gyara yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban ga fayil ɗin ba, amma ka duba ƙarshen sunansa, ina kyautata zaton .wav za ka gani. WAV sauti ne ɗanye, ba a matse shi ba, minti ɗaya yakan kai kusan megabait 10. Karatun awa guda ya haura 600 ke nan. Wanda ya sayi gigabait ɗaya, zama biyu ma ba zai kai shi ba.

Ka ce wa ƙanenka ya sauke Audacity, manhajar gyaran sauti, a kwamfuta, kyauta ce. Ya buɗe karatun a ciki, ya yanke farkon nan da ake gyaran lasifika da kukan janareto, sannan ya fitar da shi a MP3, mono, a kan 64 kbps. Awa ɗaya za ta dawo ƙasa da megabait 30. Muryar mutum ɗaya ce, ba taron makaɗa ba, kunne ba zai ji an rage komai ba. Asalin WAV ɗin kuma a adana shi a filash, don abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa.

Na san samarin Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, za su ce MP3 ya tsufa, Opus ko AAC sun fi shi. Gaskiyarsu ce, saƙon murya na WhatsApp ma Opus ne. Sai dai ni ina tunanin tsohuwar wayar da ke aljihun kawunka a ƙauye, da rediyon motar haya mai cin memori. MP3 ne kaɗai ban taɓa ganin sun ƙi ba.

Sakawa a shafi layi ɗaya ne:

<audio controls preload="none" src="karatu1.mp3"></audio>

Kalmar controls ce ke fito da maɓallin kunnawa. Ita kuwa preload="none" tana gaya wa waya kada ta fara jan fayil sai an danna, nan ne datar mutanenka za ta huta. Kada ya sa autoplay, wato sauti ya fara da kansa ba a danna ba. Chrome ya fara toshe shi tun 2018, kuma ni kaina na taɓa jin kunya a cikin danfo, bas ɗin haya na Legas, a go-sulon Oshodi, da wani shafi ya ɓarke da sauti kowa ya waiwayo.

A ƙarƙashi ya ƙara mahaɗar saukewa, ya rubuta girman fayil ɗin a gefenta, don mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna.