Amsa: Saka gejin bakyum a Peugeot 504

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko za a iya saka gejin bakyum (agogon da ke auna ƙarfin zuƙar iskar inji) irin na zamanin motar a 504 ɗinka ba tare da an ɓata gabanta ba. Ana iyawa, amma don Allah kada ka bari a huda dashbod ɗin. Ka nemi geji mai faɗin milimita 52, irin na kamfanin VDO ko Smiths, a ɗaure shi da ɗan ƙarfe a ƙarƙashin dashbod ɗin. Ka fara dubawa a kasuwar Kofar Ruwa da ke Kano wajen masu tsofaffin kayan Fijo.

Inda aikin yake shi ne wurin jona tiyo. A jona shi a jikin manifol, wato bututun da ke kai iska da mai cikin inji, ƙasan kafireta. Idan makaniki ya ɗauko daga bututun da ke zuwa distiributa (mai raba wa filogi wuta), allurar za ta iya kwanciya kusa da sifili a silo, ka ɗauka injin ne ya lalace. Tiyon birki kuwa kada a taɓa shi sam. Inda tiyon gejin zai ratsa ƙarfe a sa masa roba, kuma ka sayi mai kauri, don zafin Kano yana tsattsaga mai arha, iska ta shiga, silo ya rikice.

Lafiyayyen inji da ya yi zafi yana nuna inci 17 zuwa 21 (inHg a fuskar gejin) a silo, allura a tsaye cak. Kano tana kan tudu, don haka naka zai ɗan yi ƙasa da na Legas. Idan allurar tana rawa, a duba bawul da filogi. Idan ta tsaya ƙasa ba motsi, a duba taimin (saitin lokacin ba filogi wuta) ko yoyon iska.