Na gyara tsohon jirgi, yaya zan ɗora masa inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a Yauri, na sayi tsohon jirgin katako na hannu, kafinta ya canza min katakan da suka ruɓe, mun toshe ɓarakar mun shafa kwalta, yanzu ruwa ba ya shiga. Na samu injin Yamaha mai doki 40 shi ma na hannu ne. Kawai in ɗaure shi a baya in tafi, ko akwai abin da zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri. Kar ka ɗaure tukuna.

Fara da katakon bayan nan inda injin zai zauna, don shi ne zai sha duk wahalar. Kafintoci sun fi damuwa da ƙasan jirgi tunda nan ruwa ke shiga, na bayan kuma in dai a ido lafiya lau yake sai a shafe shi da kwalta a wuce. Ɗauki sukundireba ka caccaka shi, musamman ta ƙasa da wajen tsofaffin ramukan ƙusa, in ya nutse kamar cikin dafaffen rogo to cire shi gaba ɗaya, kar ka yi faci. Mai doki 40 nauyinsa ya kai kilo 70, ga jijjiga ga turi, duk a kan katakon nan. Ni gaskiya da ka tambaye ni kafin ka saya, in dai kamun kifi ne kawai ba dakon kaya da fasinja ba, mai doki 15 zan ce maka, bai kai kilo 40 ba kuma shan mansa da sauƙi. Amma tunda ka riga ka saya, ka ninka katakon, ka sa faranti na ƙarfe inda mariƙan injin za su ciza, sannan a tokare shi da ƙasan jirgin ta ciki.

Sai tsayi, nan ne mutane suka fi yin kuskure. Injinan nan ƙafarsu, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa, iri biyu ce, gajeriya don katakon baya mai tsayin inci 15, doguwa don mai inci 20. Sa tef ka auna daga saman katakon zuwa ƙasan jirgin. Saman farfela akwai wani fallen ƙarfe a kwance kamar fiffike, shi ake so ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya sauka ƙasa da shi kaɗan, kar ya wuce inci ɗaya. In ya yi sama farfela za ta riƙa haɗiyar iska, ka ji injin yana ihu jirgi bai tafiya, kuma famfo ba ya samun ruwan sanyaya inji yadda ya kamata. In ya yi ƙasa da yawa kuma ƙafar tana jan ruwa a banza, mai na ƙonewa, ga shi kullum kana dukan yashi da kututture in ruwa ya ja baya.

Ka sa shi daidai tsakiya. Mariƙan nan biyu da ake murɗawa da hannu ba su isa ba a kan 40, ka huda ka sa ƙusoshi masu noti da washa (zoben ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashin noti) mai faɗi, ka cika ramin da abin toshe ruwa kafin ka ɗaure. Kuma ka ɗaura masa igiya mai ƙarfi ko sarƙa a jikin jirgi, injin da ya faɗa tsakiyar Kainji sai dai labari.

Akwai wani fil mai ramuka a jikin mazaunin injin, shi ke saita kwanciyar ƙafar. Fara da ramin tsakiya ka gwada da lodin da ka saba ɗauka. Goshin jirgi ya ɗaga yana dukan ruwa, matso da ƙafar kusa da jirgi. Yana nutsa kai, tura ta baya rami ɗaya.

Tunda na hannu ne, canza robar famfon ruwa tun yanzu, kar ka jira. Kwance ƙusar man giya ka duba, in ya fito fari kamar madara ruwa na shiga, sau da yawa zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, cire farfelar za ka gan shi a dunƙule. Kar ka taɓa tada shi a tudu ba ruwa, ko na daƙiƙoƙi ne robar famfon za ta ƙone. Da ya tashi kalli fitsarinsa, wato siririn ruwan sanyaya inji da yake fesowa waje, in ba ya tsartuwa kashe shi.

Mai kuma, in injin mai shan haɗi ne, rabin lita na man haɗi a tankin fetur mai lita 25, mai rubutun TC-W3 a jiki, ba baƙin man babur ba. In makaniki ya sa sabon fistin da zobe, ka ninka man haɗin na awa 10 na farko kuma banda cika wuta. Gwajin farko ka yi shi kusa da gaɓa, filafili a cikin jirgi, rigar ceto a jikinka, igiyar kashe inji a wuyan hannunka, bayan rabin awa ka dawo ka sake matse notin, katako sabo yana zama.