Tambayoyinku: Hayar gida a tsohuwar masana'antar auduga a Manchester

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun digirin digirgir a Jami'ar Manchester, kuma zan tafi tare da mai ɗakina da ɗanmu ɗan shekara biyu. Wani dillali ya turo mini hotunan wani gida a unguwar Ancoats, a cikin tsohon ginin masana'anta da aka mayar da shi gidajen haya. Falo ne guda ɗaya makeke mai dogon rufi da manyan tagogi, wurin kwanan kuma yana sama, ana hawa da matakala. Gidan ya kwanta mini a rai, amma dillalin yana matsa mini in tura kuɗi kafin wani ya riga ni. Me kuke ba ni shawara? Daga wani malamin jami'a, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun. Ba mu ga laifinka ba da gidan ya burge ka, domin Ancoats unguwa ce mai tarihi. A nan ne 'yan'uwa biyu daga Scotland, Adam da George Murray, suka fara gina masana'antunsu na kaɗin auduga a ƙarshen shekarun 1790, kuma bayan an kammala mashigin ruwa na Rochdale a 1804 sai unguwar ta cika da dogayen gine-ginen jan bulo. Da kasuwar auduga ta mutu aka yi watsi da su shekaru masu yawa, har zuwa 1998 lokacin da hukumar birnin ta sanya unguwar cikin yankunan da ake kare tarihinsu, daga bisani kuma masu jari suka shigo suka mayar da wasunsu gidajen zama.

Sai dai waɗannan gine-gine an yi su ne domin injuna da ma'aikata, kuma duk abin da ya ƙawata su a hoto yana da nasa nauyi a kan aljihun mai haya. An yi tagogin da girma ne domin masu aiki su samu hasken rana, to ta nan ne kuma ɗumi yake ficewa a lokacin hunturu, lokacin da rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Iska mai ɗumi sama take tashi, saboda haka za ka kunna hita ka biya kuɗin wuta, ɗumin ya taru can kusa da rufi, yaronka yana wasa a ƙasa cikin sanyi. Da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje da lantarki ake ɗumama su, shi kuwa ya fi iskar gas tsada a Birtaniya. Kafin ka yi wata magana da dillalin, ka nemi takardar da ake kira EPC, wadda take auna yadda gida yake riƙe ɗumi daga matakin A zuwa G. Doka a Ingila ta ce gidan haya ya kai aƙalla matakin E, amma ana iya ɗage wa wasu gine-ginen tarihi wannan sharaɗi, don haka ka duba da idonka, kuma ka roƙi a faɗa maka abin da wanda ya tashi daga gidan yake biya a watan Janairu. Idan ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko mai gidan kansa ba shi da ikon sauya tagogi sai da izinin hukuma, balle kai ɗan haya.

Abin da ya fi damun mu a tambayarka shi ne tsarin gidan. Wurin kwanan da ka ce yana sama, a mafi yawan lokuta ba shi da bango ko ƙofa, sai ɗan shinge na ƙarfe ko na gilashi da ke kallon falo. Ka ɗauka an haɗa zaure da turaka da madafa an rushe katangun da ke tsakaninsu. Ranar da abokan karatunka suka zo yi maka barka da salla, ina mai ɗakinka za ta keɓe? Idan ta ɗora miyar kuka da daddawa, ƙamshin zai bi ya shiga barguna da kayan sawa, idan kuma ka raba dare kana karatu, fitilarka za ta hana su barci. Ga matakala mai ramuka tsakanin takunta, ga yaro ɗan shekara biyu da ba ya zama wuri ɗaya. A ganinmu irin wannan gida ya dace da gwauro ko ma'aurata biyu marasa baƙi. Idan ranka ya kafe a kan unguwar, ana samun gidaje masu ɗakin kwana mai ƙofa a cikin waɗannan gine-gine, su za ka nema. Ka kuma sa a ranka cewa Ancoats ta yau cike take da gidajen cin abinci da mashaya, musamman a kewayen dandalin Cutting Room, inda akan kai dare ana hayaniya a ƙarshen mako. Unguwanni irin su Rusholme da Longsight ba su da wannan ƙawa, amma masallatai da mahautan halal suna kusa, Rusholme kuma ba ta da nisa da titin Oxford inda jami'arka take.

Batun tura kuɗi kuwa, kada ka yi gaggawa. Dokar kuɗaɗen haya ta Ingila ta 2019 ta ƙayyade cewa kafin alƙalami ba zai wuce kuɗin hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya na ɓarna kuma ba zai wuce na mako biyar ba matuƙar hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Wata doka ta daban kuma ta wajabta a saka kuɗin ajiyar cikin ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Dillalin da ya nemi kuɗin duba gida ko na rubuta yarjejeniya ya saɓa wa doka. Macuta kan kwafi hotunan gidaje na gaskiya su tallata wa ɗaliban da ke ƙasashen waje, don haka ka samu wani amintacce a can ya shiga gidan da ƙafarsa, ya taɓa bango ya ji ko akwai danshi, ya sa hannu kusa da taga ya ji ko iska tana shigowa. Ka shirya za a bincika takardar izininka ta zama a ƙasar, kuma ana iya neman wanda zai tsaya maka daga cikin mazauna Birtaniya. Da zarar ka yi rajista, ka karɓi takardar shaidar ɗalibta daga jami'a ka miƙa wa hukumar birni, domin ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma.