Amsar tambayar ƙanenmu na Badariya kan rclone

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da dare. Ƙanena na Badariya, na saurari muryarka tun da la'asar, aiki ne ya riƙe ni. Abin da na fahimta, kana da foldar aikin shago, firojet ɗin ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar Kalgo, da katunan biki da kake zanawa, kana son su riƙa hawa Google Drive ba sai ka zauna kana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a burauza ba. Wani ya ce maka ka sa rclone ka buga sync, shi ne kake tambaya ko haka ne. To, rclone ɗin daidai ne. Sync ɗin ne nake son ka dakata da shi tukuna.

Ga waɗanda ba su san shi ba, rclone ba shi da hotuna ba shi da maɓallin latsawa, a baƙin allon nan na cmd ake rubuta masa umarni. Wani ɗan Ingila ne, Nick Craig-Wood, ya rubuta shi, kuma kyauta ne. Ya ɗauko salon daga rsync, wanda mutanen Linux ke aiki da shi tun 1996. Shina magana da Google Drive, OneDrive, Dropbox, Mega da wasu da dama. A Windows fayil guda ne, rclone.exe, ka sauke shi daga rclone.org, ka ajiye a folda, shi ke nan. Sai ka buga rclone config, ka danna n, ka ba shi suna gajere, a ce gd, ka zaɓi drive, burauza ta buɗe ka shiga da Gmail ɗinka. Wannan ba ya ɗaukar lokaci, ba zan tsaya kanshi ba.

Inda nake son ka buɗe kunne shi ne nan. Akwai copy, akwai sync, kuma wallahi mutane da yawa a nan sunka yi asara. Copy shina duba abin da ke kwamfutarka, abin da babu a Drive ya ɗora, abin da ya canza ya sabunta, amma ba ya goge komai a can. Shi ko sync, aikinshi ya mai da can daidai da nan. Daidai fa, ba ragi ba ƙari. Kamar ka ce wa yaron shago mai biyayya, je ka mai da sito na can daidai da wanga. In wanga buhun shinkafa biyu ne a ciki, can kuma hamsin, to zai fitar da arba'in da takwas ya zubar, ba zai dawo ya tambaye ka ba, don abin da ka ce ke nan.

Yanzu dubi yadda abin ke faruwa a shago irin namu. A ce aikinka yana kan filas ko ma'ajiya ta waje, kullum Windows na ba ta harafin E. Ka rubuta umarninka, sync daga E zuwa gd:Aiki, wato foldar Aiki da ke Drive ɗinka, ka ajiye shi kana latsawa kowane dare. Wata rana da safe ɗaliba ta zo da filas ɗinta za a buga mata babi na uku, anka soka nata kafin naka, ita ta samu E, naka ya koma F. Da dare yaronka ya latsa umarnin. Rclone bai san filas ɗin wa ne ba, E kawai ya sani. Zai ɗora fayilolin yarinyar guda shida, ya share duk aikin shekara da ke Drive. Ba kuskure ya yi ba, ka gane? Sa'ar da kake da ita a Google Drive ita ce abin da rclone ya goge kwandon shara yake zuwa, kuma yana kwana 30 a can kafin ya tafi gaba ɗaya. Amma wa ke leƙa kwandon shara in bai san an yi ɓarna ba?

Haka nan in ka juya su. Na farko a umarni shi ne inda ake ɗauka, na biyu inda ake zubawa. Ka sayi sabuwar laftof, foldarta wayam, ka rubuta ta a farko, Drive a na biyu, ka buga sync. To ka share Drive da hannunka.

Don haka ni shawarata, fara da wanga, wanda zai rubuta muryar nan don Allah ya rubuta shi daidai:

rclone copy "D:\Aiki" gd:Aiki -P

Wannan P babba ce, ita ke nuna maka abin da ke tafiya, da gudu, da saura nawa. Kuma kowane umarni sabo, kafin ka sake shi, ƙara masa --dry-run a ƙarshe. Zai jero maka abin da zai ɗora da abin da zai goge ba tare da ya taɓa komai ba. Ka karanta jerin nan da idonka, kada ka ce ya yi tsawo.

Sai dai shi ma copy kada ka ɗauka ya gama tsare ka. In fayil ya lalace a kwamfutarka, ko yaro ya buɗe firojet ya share rabi ya adana, copy zai ga fayil ya canza, ya ɗora lalataccen a kan mai kyau. Maganin wanga shi ne --backup-dir. Ka rubuta --backup-dir gd:Tsoho, to duk abin da zai goge ko zai danne, sai ya kwashe shi ya kai foldar Tsoho. Sharaɗin kawai kada Tsoho ta kasance cikin foldar Aiki, a gefenta za ta zauna. In ka sa wanga, sannan ka ƙara --max-delete 20 don kada ya goge fiye da fayil 20 a tafiya guda, to a lokacin na yarda ka yi sync.

Maganar data kuma, tunda na san ita ce ke cin ranka. Tafiyar farko babu dabara, in foldarka giga 8 ce, giga 8 za ta ci. Bayan nan shina duba girman fayil da lokacin da anka taɓa shi, wanda bai canza ba ya tsallake. Amma fa in ka gyara harafi guda a babban zanen CorelDraw, duk fayil ɗin zai sake hawa, ba ya ɗora gutsure. In anka ɗauke wuta ko sabis ya tafi ana tsakiyar aiki, sake buga umarnin nan dai. Waɗanda sunka riga sunka hau ba zai maimaita su ba, wanda ya yanke a tsakiya ne zai faro daga farko. Shi ya sa bidiyon biki mai giga uku ban ba ka shawarar ka ɗora shi lokacin da inbata ke kuka ba. Akwai kuma --bwlimit, kana iya ce masa da rana ya tafi a hankali, misali "08:00,200k 22:00,off", wato daga ƙarfe takwas na safe ya rage gudu don kada ya shaƙe wa masu rajistar jarabawa intanet, daga goma na dare ya saki jiki. Abin da ya sa na fi son shi ke nan a kan manhajar Drive ta kwamfuta. Ita kullum tana aiki a ɓoye tana shan data, shi ko sai ka ce masa tashi. Wanda dai ke da intanet wadatacce kuma baƙin allo na ba shi tsoro, ya zauna da manhajar, ba laifi.

Ka tuna kuma giga 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba na Drive kaɗai ba ne. Gmail na ci a ciki, Google Photos na ci, yanzu har ajiyar WhatsApp ta wayar Android a ciki take. In da asusun wayarka ka haɗa, kafin ka ankara ya cika, wasiƙu su daina shigowa. Buɗe wa shago nashi asusun daban.

Abu guda da ba na son in manta. Cikin foldar nan akwai takardun NIN na mutane, hotunan fasfo, sakamakon jarabawa, takardun ɗaukar aiki. Amana ce. Rclone na da abin da ake kira crypt, shina kulle fayil da sunanshi tun kafin ya bar kwamfutarka, ko wani ya shiga Drive ɗin shirme zai gani. Amma in ka manta kalmar sirrin kuma kwamfutar ta mutu, babu wanda zai buɗe maka, har Google ɗin. Rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, ba a shago ba. Sannan fayil ɗin rclone.conf, duk wanda ya kwafe shi ya samu mabuɗin Drive ɗinka ko bai san kalmar sirrin Gmail ba. Buga rclone config file zai nuna maka inda yake. Kada ka sa shi a kwamfutar da kwastomomi ke zama, kuma cikin rclone config akwai wurin sa masa kalmar sirri.

Malam na Jega ya yi tambaya kan bisync, mai kai da kawowa ta ɓangare biyu. Akwai shi, amma Malam a bar shi sai hannu ya faɗa, yana da sharuɗɗa da yawa. Haka maganar sa shi ya riƙa tashi da kanshi ta Task Scheduler, wato abin Windows mai tada aiki a lokacin da ka sa masa, ƙanena, sai ka yi mako biyu kana bugawa da hannu kana kallon abin da yake yi.

Gobe in Allah ya kai mu ka buga copy ɗin nan da --dry-run, ka ɗauki hoton allon ka turo nan guruf, mu duba tare kafin ka cire --dry-run ɗin. Ka rufe adireshin Gmail ɗinka in ya fito a hoton. Sai da safenku.